Jam'iyya Taka Ce, Ɗan Takara Bai Kwanta Maka Ba: Abin da Tarihin Zaɓenmu Ya Nuna

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta kaɗo, akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da rumfunanmu, tun daga Sabo da Sasa da Bodija a nan Badun, har Agege da Shagamu. Mutum ne ya yi shekara da shekaru a jam'iyya, yana da kati, yana zuwa taron mazaɓa, rana ta buge shi ruwa ya dake shi saboda ita. Sai aka je babban taro aka fito da ɗan takarar shugaban ƙasa wanda bai kwanta masa a rai ba. To, yaya zai yi? Ya daure ya dangwala masa? Ya bar jam'iyyar? Ko kuwa ya zauna a ciki ya ba wani ƙuri'arsa? Samarinmu suna ɗauka wannan sabon abu ne, alhali kuwa tun 1978 ake fama da shi a ƙasar nan. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwayi baya, mu ga yadda manya suka yi, da yadda talakawa suka yi, da kuma wanda abin ya ƙare a kansa.

MASU FICEWA DA MASU DAUREWA

A watan Satumba na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa. Ba a je ko'ina ba rikicin ɗan takara ya raba jam'iyyar NPP gida biyu. Alhaji Waziri Ibrahim, attajirin Borno wanda yake ɗauke da nauyin jam'iyyar, ya so ya haɗa shugabancinta da takarar shugaban ƙasa. Sauran abokan tafiya suka ce ba su yarda ba. Sai ya kwashe mutanensa ya kafa GNPP, su kuma waɗanda suka rage suka ɗauko Dokta Azikiwe suka ba shi tuta. A zaɓen 1979 Waziri ya zo na ƙarshe cikin 'yan takara 5, jam'iyyarsa ta tsira da gwamnoni 2, na Borno da na Gongola. Wannan ita ce hanya ta farko, wato ficewa.

Hanya ta biyu an gan ta a NPN. A babban taronta na Ikko cikin Disamba 1978, mutum 6 suka nemi tuta: Shehu Shagari, Maitama Sule, Adamu Ciroma, Olusola Saraki, Joseph Tarka da Iya Abubakar. Shagari ya zo na ɗaya, Maitama na biyu, Ciroma na uku. Ƙuri'un Shagari ba su kai yadda za a ce an gama a zagayen farko ba, amma sai sauran suka janye masa, ba a sake kaɗa ƙuri'a ba. Babu wanda ya fita daga cikinsu. Da aka kafa gwamnati, Ciroma da Iya Abubakar suka zama ministoci, Saraki ya zama jagoran majalisar dattawa, daga baya Ɗan Masanin Kano ya tafi Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin jakadan Nijeriya. Masu iya magana sun ce mahaƙurci mawadaci. Sai dai a lura da abu guda: haƙurin babba a siyasa yana da lada a bayyane, kujera ce ko muƙami. Haƙurin mai rumfa a kasuwa kuwa, sai dai a ce masa an gode.

Har a cikin NPN ɗin ma ba kowa ne ya daure har ƙarshe ba. Cif Moshood Abiola ɗan NPN ne na gaba gaba, ya kashe mata dukiya a ƙasar Yarbawa lokacin da kusan kowa yake bayan Awolowo. Da ya ga babu hanyar samun tuta a zaɓen 1983, sai ya bar jam'iyyar a 1982. A riƙe wannan suna, don za mu dawo kansa.

ZAMANIN DOKI DA TSUNTSU

A 1989 Janar Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyin 'yan siyasa rajista, ya kafa jam'iyyu 2 da kansa, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar mikiya, wadda mutanenmu suke ce wa tsuntsu. Gwamnati ce ta rubuta musu manufa, ta gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma. Ka ga ke nan hanyar ficewa ta toshe. In ba ka son ɗan takararka, babu jam'iyya ta uku da za ka ruga. Ko ka daure, ko ka zauna a gida, ko ka tsallaka layin abokan hamayya.

Na ce layi domin a zaɓen ƙananan hukumomi na 1990 da na gwamnoni na Disamba 1991, a fili ake zaɓe. Za a kafa hoton ɗan takara, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Ga ɗan gari wannan da sauƙi. Ga baƙo kuwa, wanda mai gidan da yake haya da shugaban kasuwarsa da kansilan unguwarsu duk suna tsaye suna kallon layin da zai shiga, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, a wannan zaɓe na 1991 ne 'yan jam'iyya suka fara nuna wa shugabanninsu iyakarsu. A Ikko, SDP ce take da jama'a, amma rigimar fid da gwani tsakanin Dapo Sarumi da Femi Agbalajobi ta kai an hana su duka biyun takara, aka tsayar da Yomi Edu. Ɓangaren da aka ɓata wa rai suka juya suka mara wa Michael Otedola na NRC baya, ya zama gwamna, alhali mafi yawan kujerun majalisar jihar na SDP ne. A Kano ma rikicin cikin gida na SDP ya taimaka wa Kabiru Gaya na NRC ya hau. Da aka gama lissafi, NRC tana da gwamnoni 16, SDP tana da 14.

Sai aka zo kan shugaban ƙasa. A zaɓen fid da gwani na 1992, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ne a gaba a SDP, a NRC kuma Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi suke kankankan. Babangida ya soke zaɓen, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Wato a dare ɗaya aka raba magoya bayan jam'iyyun biyu da gwanayensu. Aka kawo tsarin da aka kira A4, wanda ɗan takara zai faro daga mazaɓarsa, ya ci ƙaramar hukuma, ya ci jiha, sannan ya je babban taro. A watan Maris na 1993, SDP ta taru a Jos, Abiola ya kayar da Babagana Kingibe bayan Atiku Abubakar, wanda yake na uku, ya janye masa. NRC ta taru a Fatakwal ta fito da Alhaji Bashir Tofa, ɗan kasuwa daga Kano, Allah ya jiƙansa, wanda sunansa bai kai na Ciroma ko Shinkafi amo a faɗin ƙasa ba.

Kowane gida akwai masu ƙorafi. Mutanen 'Yar'aduwa sun sa ran Atiku za a ba mataimaki, sai Abiola ya ɗauki Kingibe. Kiristocin SDP suka wayi gari da Musulmi biyu a kan tutarsu. A NRC kuwa, da yawa daga masu tafiya da Ciroma da Shinkafi jikinsu ya yi sanyi. Abiola kuma ba baƙo ba ne a Arewa. Mataimakin shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci ne, an san hannunsa a ginin masallatai da makarantu, kamfaninsa na Concord har jaridar Hausa yake bugawa mai suna Amana.

Ran 12 ga Yuni 1993 aka kaɗa ƙuri'a. Wannan karon an gyara tsarin, a tantance mutum a fili, amma ya dangwala a ɓoye. Alƙaluman da aka sani daga baya sun ba Abiola ƙuri'a miliyan 8.3, Tofa miliyan 5.9. Abiola ya ci jihohi 19 cikin 30, da Abuja. Ya ci Kano, mahaifar Tofa, inda gwamna ɗan NRC ne. Ya ci Kaduna, da Ikko, da Akwa Ibom, da Kuros Riba, duk jihohin gwamnonin NRC. Filato da Binuwai da Taraba, inda Kiristoci suke da yawa, suka daure suka zaɓi Musulmi biyu. Sannan ga wani abu da ba a cika faɗa ba: cikin mutum kusan miliyan 39 da suka yi rajista, miliyan 14 da 'yan kai ne suka fito. Zaman gida ma amsa ce, ko da yake amsa ce wadda ba ta hana a naɗa maka shugaba.

Ran 23 ga Yuni aka soke zaɓen. A nan ne darasi mafi ɗaci yake. Jam'iyyar da take neman biyayyar talaka, ita da kanta ba ta tsaya wa ɗan takararta ba. Shugabannin SDP ƙarƙashin Cif Tony Anenih suka zauna da na NRC suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Shonekan. Da Janar Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba 1993, Kingibe, mataimakin Abiola, ya zama ministan harkokin waje. Abiola ya shiga hannu a Yuni 1994, ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli 1998. Sai a 2018 gwamnatin Buhari ta mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya.

Mu fa? Duk wanda yake Kurmi a Yuli da Agusta na 1993 bai manta ba. Zanga-zanga ta rufe Ikko, jita-jitar yaƙi ta cika gari, tashoshin mota suka cika da baƙi, Hausawa da Inyamurai, kowa da iyali da ƙunshin kaya. An karyar da haja a bakin kuɗin mota. Ba wanda ya tsaya tambayar Bahaushe wa ya zaɓa. Kanawa sun ƙi ɗansu sun zaɓi Abiola, amma a kan titi abin da ake faɗa shi ne 'yan Arewa sun hana Bayarabe mulki. Laifin babba, rowa. Laifin yaro, ƙiwuya. Laifin baƙo kuwa, duk abin da aka ce mutanen garinsu sun yi.

DAGA 1999 ZUWA 2003

Da siyasa ta dawo, PDP ta taru a Jos a Fabrairu 1999. Dokta Alex Ekwueme, wanda yana cikin iyayen da suka haifi jam'iyyar, ya sha kaye a hannun Obasanjo, ƙuri'a 1,658 da 521. Ya daure, ya zauna, ya roƙi mutanensa su zaɓi wanda ya kayar da shi. A nan Badun kuwa, dattawan AD su 23 suka zauna a otal ɗin D'Rovans suka fifita Olu Falae a kan Bola Ige. Ita kuma APP, bayan ta tsayar da Ogbonnaya Onu, sai ta ajiye shi ta ba Falae tutarta a bisa ƙawance da AD, Umaru Shinkafi ya zama mataimaki.

'Yan APP da yawa ba su haɗiye wannan ba. Jam'iyyar tana da gwamnoni 9 da aka zaɓa a Janairu, amma a zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Fabrairu, Sakkwato da Zamfara da Yobe ne kawai suka bi tutarta. Borno, Gombe, Jigawa, Kebbi, Kogi da Kwara suka tafi wurin Obasanjo. Shi kuma Obasanjo bai ci ko jiha ɗaya ba cikin jihohin Yarbawa 6. Bola Ige, ba tare da ya bar AD ba, ya karɓi minista a gwamnatin PDP.

A 2003 sai AD ta yi wata dabara. Ta ƙi tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, gwamnoninta suka ce wa jama'a su zaɓi Obasanjo a sama, su zaɓe su a ƙasa. Zaɓen biyu kuma rana ɗaya aka yi, 19 ga Afrilu. Da ƙura ta lafa, lema ta rufe jihohi 5, har da Oyo inda Rashidi Ladoja ya kayar da Lam Adesina. Tinubu ne kaɗai ya tsira a Ikko. Wanda ya buɗe wa kura ƙofa don ta ɗauki akuyar maƙwabci, kada ya yi mamaki in ta biyo ta turkensa.

SAK KO SHINKAFA DA WAKE

A shekarun da Buhari yake takara ne kalmar "sak" ta shiga bakin mutanenmu, wato a zaɓi jam'iyya ɗaya tun daga sama har ƙasa. Kishiyarta ita ce shinkafa da wake, a ɗauki wannan a nan, wancan a can. Zaɓen 2011 ya nuna wadda jama'a suka fi yi a aikace. Bayan rasuwar Shugaba Umaru 'Yar'aduwa a Mayu 2010, 'yan PDP na Arewa da yawa suka ce bisa tsarin karɓa-karɓa sauran zango ɗaya na Arewa ne. Kwamitin Adamu Ciroma ya tsayar da Atiku, amma a Janairu 2011 Jonathan ya kayar da shi da ƙuri'a 2,736 da 805. Ran 16 ga Afrilu, Buhari na CPC ya ci jihohi 12 na Arewa. Kwana 10 bayan nan aka fara zaɓen gwamnoni, sai ga PDP ta ci Kano da Katsina da Jigawa da Bauci da Kaduna, CPC kuwa Nasarawa kaɗai ta samu. Mutanen nan dai su ne, akwati ne ya bambanta.

A nan ƙasar Yarbawa ma haka aka yi, sai dai a juye. ACN ce take da jama'a, ɗan takararta Malam Nuhu Ribadu, amma Oshun kaɗai ya ci. Oyo ta zaɓi Jonathan na PDP, ta juyo ta kayar da gwamnan PDP Alao-Akala ta ɗora Ajimobi na ACN. Bayan wannan zaɓe ne rikici ya ɓarke a Arewa, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe mutum sama da 800. A kwanakin nan mu da muke Kurmi barci rabi da rabi muka yi, don kowa ya san in aka taɓa baƙo a can, baƙon nan ne yake biya.

A zaɓen 2023 abin ya fito fili ba kunya. Rabi'u Kwankwaso da Peter Obi suka bar PDP a 2022 tun kafin fid da gwani. Atiku ya kayar da Nyesom Wike, 371 da 237. Gwamnoni 5 na PDP, Wike da Makinde da Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi, suka ce ba za su yi wa Atiku aiki ba muddin shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu, wanda shi ma ɗan Arewa ne, bai sauka ba. Ba su fita ba, ba su kuma taimaka ba. A sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana, Atiku bai ci ko ɗaya daga jihohinsu ba. Oyo ta ba Tinubu na APC a Fabrairu, ta mai da Makinde na PDP a Maris. Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi suka faɗi takarar sanata, Wike kuwa ya zama ministan Abuja a Agusta 2023.

ABIN DA YA SHAFE MU

To jama'a, me muka tsinta a wannan doguwar tafiya? Na farko, mai zaɓe a Nijeriya ya daɗe da raba ƙuri'ar shugaban ƙasa da sauran ƙuri'u. Kano ta yi a 1993, Jigawa ta yi a 1999, Oyo ta yi a 2011 da 2023. Saboda haka kada wani ya tsorata ka da cewa kai ne farkon wanda ya ƙi ɗan takarar jam'iyyarsa.

Na biyu, a bambance mai ƙuri'a da mai riƙe da amana. Ƙuri'a shaida ce, kana shaidawa cewa wane ya cancanci riƙon jama'a, kuma malamanmu sun koya mana nauyin shaidar zur. In zuciyarka ba ta yarda da mutum ba, katin jam'iyya ba zai tsaya maka ba ranar tambaya. Amma wanda ya karɓi muƙamin kamfe, ko ya zama wakilin akwati, ko aka ba shi kuɗin mota ya raba wa jama'a, shi ya ɗauki alkawari. In ba zai iya ba, ya mayar musu da kayansu da rana tsaka, ya ce a nemi wani. Ya ci kuɗin wannan ya yi wa wancan aiki, sunansa angulu da kan zabo, kuma in asiri ya tonu ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ba su da alkawari.

Na uku, mu baƙi ne, kuma abin da ya fi taɓa tukunyarmu yana ƙasa. Rumfar kasuwa, kuɗin tikiti, wurin sauke shanu da tumatir da albasa, filin maƙabarta, izinin gina Islamiyya, duk a hannun kansila da ciyaman da gwamna suke. Shugaban ƙasa bai san hanyar Sasa ba. Da aka yi rikicin kasuwar Sasa a Fabrairu 2021, da gwamnatin jiha da sarakunan gari aka zauna aka kashe wutar. Don haka wanda ya yi shekara 20 yana gina mutunci a jam'iyyar mazaɓarsa, kada fushin ɗan takarar Abuja ya sa ya yaga katinsa a bainar jama'a. Wike da ya yi fushi yana da inda zai faɗa. Kai in ka rushe naka, a wace inuwa za ka tsaya?

Na huɗu, ina roƙon sarakunanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu, don Allah a rage kiran 'yan jarida ana shelar cewa dukkan Hausawan gari kaza sun bi wane. Ba gaskiya ba ne, don a cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, kuma in wanen ya faɗi, an jawo mana gaba da wanda ya ci. Zamanin layi a bayan hoto ya wuce. Yau daga kai sai Allah sai takardar ƙuri'a. A yi rajista a inda ake zaune, a karɓi kati, a fito ran zaɓe, a dangwala wa wanda zuciya ta natsu da shi, a koma rumfa a gaisa da maƙwabci kamar jiya.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan wuri. Wassalamu alaikum.